Rigar Faifan Dabo

Gajere bai taɓa zama ya cinye tuwonsa a wuri ɗaya ba. Zai yi loma biyu a gindin rumbu, ya miƙe da akushin a hannu ya je ya duba ko an ɗaure jaki, ya dawo ya tsuguna bakin zaure, ya tuna ya bar fata cikin ruwa, ya sake miƙewa. Matarsa Zinariya ta gaji da magana har ta koma zuba mashi tuwo a ƙaramar ƙwarya mai sauƙin ɗauka. Ni kuwa ban taɓa gajiya ba, don ni taubashiyarsa ce, ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito, kuma Allah ya ba ni baki. Sunana Sa'a. Tun muna yara a Bauranya nake ce mashi cinnaka ne ya cije shi ranar suna, kuma har yau bai saki ba.

Baduku ne, gadon uba. Kube, zabira, gafaka, rufin laya, duk wanda ya taɓa riƙe aikinsa daga Kusada har Kafinsoli ya san hannunsa. Aƙidarsa ɗaya ce a sana'a: abin da aka yi wa riga kada ya motsa a cikinta. In ka kawo mashi wuƙa ba zai auna ta da kara ya ce ka tafi da abarka ba. Zai karɓe ta, ya jiƙa fata ta yi laushi, ya ja ta a jikin wuƙar, ya ɗinke, ya ɗora bisa danga a rana. In fatar ta bushe sai ta tsuke ta kama ƙarfen gam. Daga nan ya kai kuben kusa da kunne ya girgiza. In ya ji ƙwas, ko kaɗan ne, farkewa zai yi ya sake, ko da kana tsaye kana rantsuwa cewa ya yi maka haka nan. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, kuma ban taɓa jin wanda wuƙarsa ta zame ta faɗi a daji ba.

Ƙanensa Dabo shi ne autan Gwaggo Mairama, uwarsu. Wannan yaro ko basilla bai iya riƙewa ba, amma in ya buɗe baki sai mata su tsai da daka. Ya nace sai kukuma. Gajere ya yi faɗa, ya ce gidansu ba gidan roƙo ba ne, ya yi ta zagayen tsakar gida yana faɗa, da ya gama kuma shi ne ya samo fatar guza ya rufa mashi ƙoƙon da hannunsa. Shekarar da sojojinmu na yaƙin Bama suka fara dawowa gida, Dabo ya bi fataken goro ya yi kudu. Jifa-jifa labari kan zo cewa yana Kumasi, yana waƙa a zangon Hausawa, ya yi ƙiba, yana gaida kowa. Shekaru suka tafi a haka. Idon Gwaggo ya yi yana, har ta kai ba ta rarrabe mutum sai ya yi magana. Ni kuma mijina ya rasu, na dawo ɗakin da ke kusa da nata, ina kai daddawa kasuwar Kankiya.

Wani abu da ya kamata ku sani game da Gwaggo: Gajere ɗanta ne na fari, kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi mashi magana baki da baki. Yana tsugune gabanta za ta juyo wajena ta ce, "Sa'a, ce ma wancan rufin ɗakina yana yoyo." Shi kuma ya amsa mani ni, kamar ni na faɗa. Rabin rayuwata na yi ta ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna.

Farkon wata damina, an yi shuka gero ya fara tsira, Ɗanmaliki ya dawo daga fatauci. Shi ne babban mai goro na Kankiya, kantinsa na bakin titin motar da ke tafiya Kano zuwa Katsina, kuma shi kaɗai ke da garmaho, akwatin nan mai waƙa, a ƙasarmu in ka cire gidan Turawa. Ranar kasuwa ya aika a kira Gajere daga rumfar dukawa. Na ga wucewarsa yana sauri fiye da saurinsa na kullum, na bar wa maƙwabciya ƙwaryar daddawa na bi shi.

Ɗanmaliki bai ja zance ba. Ya ce Dabo ya rasu tun cikin bazara, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, an yi mashi sutura a zango cikin mutunci. Gajere ya yi salati, ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ni na fashe da kuka a bakin ƙofa ban damu da wa ke kallo ba.

"Bai bar komai ba sai wannan," in ji Ɗanmaliki. Ya jawo wani abu daga ƙarƙashin shimfiɗa. "Turawan wani kamfani sun ɗauki waƙarsa bara. Wanga shi ne nasa da suka ba shi."

Kwali ne fale-fale guda biyu, an haɗa su an ɗaure da zare. Da ya kwance sai ga riga ta takarda mai launin ƙasa, an huda mata ƙofa a tsakiya, ta nan ake hango wata jar takarda mai rubutun boko. Ya zaro faifan daga ciki da yatsu biyu, baƙi wuluk, yana ƙyalli. Ya wana garmaho, ya ɗora, ya sauke allura.

Wallahi Dabo ne. Ba kama ba, shi ne, kamar yana bayan buhunan goro. Waƙar raha ce, yana tsokanar direban wata mota da ta ƙi hawa tudu, fasinja suka sauka suna turi, kukuma na gudu yana bin ta. Can ƙarshe abin ya ba shi kansa dariya, ya ƙyalƙyale, da wannan 'yar shaƙuwar da yake yi in dariya ta ci ƙarfinsa. Ina kuka na samu kaina ina dariya. Gajere kuwa, a karo na farko da na sani, ya tsaya cak har allura ta kai ƙarshe.

Ɗanmaliki ya ce a bar faifan a kantinsa tare da nasa, duk ranar da tsohuwa ta samu zuwa sai ta ji. Gajere ya ce abin da ƙanensa ya bari ba zai kwana a ɗakin wani ba. Ya roƙi aron garmahon na yini ɗaya, Ɗanmaliki ya ce wannan kam a'a, akwai wani naɗaɗɗen ƙarfe a cikinsa, in jaki ya jijjiga shi ya tsinke sai an kai Kano.

"To ka kula," ya ce, yana mai da faifan cikin takardarsa. "Abu biyu ke kashe shi, faɗuwa da yashi. Ka bar shi cikin rigarsa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma ban ga laifinsa ba. Nasa faya-fayan ba su taɓa fita daga inuwar kanti ba.

Ni na gaya wa Gwaggo rasuwar. Ba ta yi kururuwa ba, ta yi ta jan carbi har la'asar. Da Gajere ya ɗora mata faifan a cinya, na yi mata bayani, sai ta shafa shi da tafin hannu, ta kai shi kunne, ta yi shiru tana saurare.

"Ba ya magana sai an ɗora shi kan akwatin Ɗanmaliki, Gwaggo," na ce.

"To gobe a kai ni."

Ba ta yiwu ba. Kurkunu ya fito mata a ƙafa, ta kumbura har gwiwa, ko bayan gida sai an riƙe ta. Ga ruwa ya sauka sosai, rafin da ke tsakaninmu da Kankiya yana kai wa jaki ciki. Muka ce sai kaka, in ƙafa ta warke hanya ta bushe. Ta ce, "Sa'a, ce ma wancan abu ɗaya ya rage mani a duniya, in ji muryar yaron nan. Ya adana mani shi." Da ta san wanda take ba wannan amana da ta ba ni.

Daren farko ya rataye shi a ragaya cikin ɗakinsa. Da safe ya sauke, wai igiya na iya tsinkewa. Ya sa shi ƙarƙashin tabarma, ya tuna yara na tsalle a kai. Ya jingina shi bayan tukunya, sai ga gara ta lasa gefen kwalin kafin mako ya zagayo. Ranar nan unguwa ta ji mu. Ya fito tsakar gida da kwalin a hannu yana nuna wa kowa, har da kaji.

"Ki duba, Sa'a. Ki duba abin da suka kira riga. Mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa, su kama muryar mutum, sannan su naɗe ta a takardar da ko ƙosai ba za ta riƙe ba. Har da ƙofa a tsakiya don ƙura ta samu hanya."

"Da wannan takardar ya taho tun daga Kumasi bai fashe ba," na ce. "Kai ne dai ba ka iya ganin abu zaune lafiya."

Bai ji ni ba, ya riga ya shige ɗaki.

Zinariya ta kawo tata dabarar. Ta ce a yi mashi yadda ake yi wa ƙwan zabi in za a kai kasuwa: babbar ƙwarya, a cika ta da ƙaiƙayi, a binne shi a tsakiya, a kife da wata. Aka yi. Kwana kaɗan Gajere ya tone ya ga ƙurar ƙaiƙayi ta shiga ta ƙofar takardar ta kwanta cikin siraran layukan faifan. Ya tuna maganar yashi, ya zauna da gashin kaza yana sharewa layi-layi, yana huci, Zinariya ta sha harara kamar ita ta halicci ƙura.

Daga nan sai akwatin ƙarfe na lefen Zinariya, tsakanin zannuwa. Wannan ya ɗan daɗe, har na fara murna. Amma Gajere ba ajiya kaɗai ke damunsa ba, tafiyar ce. Kullum yana lissafin hanyar Kankiya a kansa: gangaren rafi, wurin da jaki ke tuntuɓe, shanun Fulani da ke tare hanya, cunkoson bakin kasuwa. Ya bar noma rabi, ya tafi Kusada wurin masassaƙi, ya sa aka fafe mashi katako biyu masu faɗi kamar allo, aka rarake cikinsu daidai faifan. Ya shimfiɗa auduga, ya kwantar da shi, ya rufe, ya ɗaure da tsirkiya. Kowa ya ce madalla. Ni kaina na ce ko daga kan rumbu aka jefo wannan ba abin da zai same shi. Sai ya ɗaga katakon ya kai kunne ya girgiza.

Ban ji komai ba, na rantse. Shi ya ce ya ji.

"Yana motsi."

"Kunnenka ne ke motsi, Gajere. Don Allah ka bar abin nan ya huta."

"Abin da ke motsi cikin rigarsa cin kansa yake yi a hankali," ya ce. "Ba zan kai wa Inna ragowa ba."

Na ga ramar da ya yi a daminar nan. Gonarsa ta cika da ciyawa, masu kube suna zuwa suna komawa hannu wofi. Wani lokaci ina jinsa da rana tsaka ya shiga ɗaki, ya buɗe, ya duba, ya rufe, ya fito, bai kai zaure ba ya koma. Na yi mashi tsiya har na ji tausayinsa, don na gane abin da ke cinsa. Tun da aka haife shi uwarsa ba ta taɓa ɗora mashi wani abu da ya fi gyaran rufi ba, sai wannan.

Da gero ya nuna aka fara yanka, ƙafar Gwaggo ta saɓe, ta fara takawa da sanda. Aka sa ranar tafiya, kasuwa mai zuwa. A nan ne Gajere ya yanke shawarar yi wa faifan abin da ya iya, abin da bai taɓa ba shi kunya ba. Ya zaɓi fatar akuya mafi kyau da yake da ita, jar fata wadda ya ɓoye don gafakar wani malami. Kada ku ce ya yi ganganci. Ya naɗe faifan da farin ƙyalle sabo don kada danshi ya taɓa shi, ya ƙara wani ƙyallen a kai. Sannan ya jiƙa fatar, ya ja ta a jikinsa ta ko'ina, ya ɗinke zagaye da ɗinki ƙanana, ya bar baki da marfi a gefe guda. Ya yi mata ado da baƙi da kore. Ina zaune ina kallo ina gyaran kalwa, har na ce mashi, "Yau kam bawan Allah ka yi abin kai." Ni ma ban san komai ba.

Ya ɗora shi bisa rufin rumfa, inda akuya ba ta kai, cikin ranar kaka mai zafin nan da ke busar da barkono yini ɗaya. Ya tafi gona. Sai bayan la'asar ya sauke.

Kyau kam ya yi kyau. Ya girgiza a kunne, shiru. Ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin shuka. Na lura abin ya ɗan yi doro a tsakiya, na faɗa, ya ce halin fata ne, ɗinki kan ja gefe. Ya so ya zaro faifan ya duba, fatar ta riƙe shi gam, ya ce gara haka, a Kankiya a buɗe.

Ranar kasuwa muka ɗora Gwaggo kan jaki tun da sanyin safiya. Ta sa zanenta na saƙi wanda ba ta ɗaurawa sai da salla. Gajere ya rataya faifan a wuya cikin riga, yana gaba, ya yi nisa ya dawo, ya zagaya jakin, ya sake yin gaba. Ina jin tafiyar nan sau biyu ya yi ta. Da muka ji ƙugin mota Gwaggo ta tambaya ko mun iso.

Ɗanmaliki ya karɓe mu da girmamawa, ya shimfiɗa mata buzu a cikin kanti, ya kori masu leƙe. Ya yaba aikin fatar, ya juya ta, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ja faifan ya ƙi fitowa. Gajere ya sa aska ya farke ɗinkinsa da kansa, ya warware ƙyallen.

Faifan ya lanƙwashe. Bai fashe ba, ko tsaga babu, amma gefe ɗaya ya tashi, ɗaya ya faɗa, kamar sakaina. Ɗanmaliki ya ɗora shi kan tebur ya taɓa gefensa, ya yi ta rawa shi kaɗai.

"A rana ka sa shi?" ya tambaya a hankali.

Gajere ya gyaɗa kai.

"Mi ake jira?" in ji Gwaggo daga kan buzu.

Ɗanmaliki ya dube ni, na dube shi. Ya wana garmaho, ya sa sabuwar allura, ya ɗora.

Kukumar ce ta fara fitowa, tana hawa tana sauka kamar mai jin jiri. Sannan muryar. Dabo ne har yanzu, ba mai musu, amma duk zagayen da faifan zai yi sai muryar ta ja ta yi ƙasa, ta karye, ta taso tana rawa. Kalmomin motar da tudun duk sun narke, ba ka kama ko ɗaya. Da aka zo wurin dariyar nan ta ƙarshe, ni da na ji ta da kunnena lafiyayya, sai da tsikar jikina ta tashi. Kuka ne sosai, na babban mutum da ya kasa riƙe kansa, har da shaƙuwar.

Gwaggo ta dafa ƙasa da hannu biyu. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

"Ashe haka," ta ce. "Ashe haka yake can. Kuna ce mani ya yi ƙiba."

Gajere ya zube gabanta. Bai bi ta kaina ba, ya yi mata magana kai tsaye. "Inna, ba kuka yake ba. Dariya ce. Waƙar wasa ce, ta mota. Ni ne na ɓata shi, na ɗinke shi cikin jiƙaƙƙiyar fata na sa a rana, zafi ya tanƙwara shi. Ki tambayi Sa'a, ta ji shi da farko. Ki tambayi Ɗanmaliki."

Muka rantse mata, ni da Ɗanmaliki. Na ɗauko faifan na sa mata a hannu don ta ji doron da kanta. Ta shafa shi, ta bi gefen da yatsa, ta miƙo mani.

"Na ji ya tanƙware," ta ce. "To rana ta san inda yaron nan ke shaƙewa in yana kuka? Ni na goye shi. Sa'a, ce ma wancan ya tashi, mutane na kallo. A sake sa mani."

Aka sake sa mata. Sai da aka sa har Ɗanmaliki ya ce allurarsa ta dakushe.

Na ɗauka shi ke nan, ta ji, za ta haƙura. Ina! Kasuwa na zagayowa ta ɗaura zanen saƙi ta zauna bakin ƙofa tana jiran jaki. Ta ce yaro ya yi kuka a ƙasar mutane ba wanda ya saurare shi, ita za ta saurara. Haka muka yi ta yi duk ranin nan. Gajere ne ke ɗora ta, shi ke jan jakin, shi ke sauke ta. In garmaho ya fara sai ya fita ya yi ta kai da kawo a bakin titi, daga kanti zuwa gindin ɗorawa, daga ɗorawa zuwa kanti, har a gama. Kowane sawu allura na ƙara cin faifan, muryar na ƙara dusashewa, Gwaggo na cewa, "Kin ji, yau ya fi jin jiki."

Ba abin da bai gwada ba. Ya danne faifan tsakanin katakon nan biyu ya ɗora dutsen niƙa, Ɗanmaliki ya ce ya sauke kafin ya raba shi biyu. Wata rana ya tsuguna ƙofar ɗakinta, shi da bai taɓa waƙa ba ko a gayya, ya fara rera mata waƙar motar yadda ya ji ta, da muryarsa mai kama da jan turmi a ƙasa. Na so in yi dariya, kuka ya zo mani. Gwaggo ta bari ya kai tsakiya ta ce in ce mashi ya isa.

Sai ya ce ai ba guda ɗaya Turawan suka buga ba, dole akwai ɗan'uwansa a wani wuri. Ya hau motar gyaɗa ya tafi Kano, ya bi kantunan Sabon Gari da tsohuwar rigar takardar nan a hannu, wadda ya raina, don ita ce ke da alamar kamfanin. Suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, na Kumasi a Kumasi yake ƙarewa. Ya je Katsina. Ya ji labarin wani mai garmaho a Maraɗi, ya tafi a ƙasa, ya dawo da faso a ƙafa. Ya ba kowane falke saƙo. Tsakanin tafiya da tafiya kuma yana gida ranar kasuwa, don ba ya yarda wani ya ja jakin.

A wannan yawon ne direbobi da 'yan kanti suka san shi, suka fara kawo mashi aikin jakar faya-fayai. Ya yi masu da busasshiyar fata, a kan katakon gwaji, da shimfiɗar ƙyalle a ciki, kowane faifai da rigarsa ta takarda, kuma da sarari har yatsa na shiga. In mai jaka ya girgiza ya ce yana jin motsi, sai Gajere ya ce haka ake so, kuma kada ya kuskura ya bar ta a rana. Ya yi suna da wannan aiki har ƙarshen ransa, amma ban taɓa ganin ya ɗaga ɗaya ya yaba ba.

Gwaggo ba ta ga damina ta gaba ba. Da zafin bazara ya tsananta ta kwanta, ta daina cin abinci, muka san tafiya ce. Gajere ya riga ya shirya bin ayarin Ɗanmaliki zuwa Kumasi, har ya ɗaure kaya, na ce mashi ya kwance, ba za ta jira shi ba. Wata ranar da hantsi ta ce a tara mata mutanen gida. Ta yafe wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ta nemi a yafe mata, Zinariya, jikoki, ni da bakina. Gajere na tsugune daga bakin ƙofa.

Ta lalubo hannuna. Muryarta ta yi ƙasa, sai da na sunkuya.

"Ce ma wancan ya yi mani biyayya. Ce mashi ƙaryar nan da ya yi mani, ta rana da fata, na san don in ji sanyi ya yi ta. Ya ɗauki laifin da ba nasa ba. Na yafe mashi ita."

Ɗakin ƙarami ne, ya ji da kunnensa. Amma ya dube ni yana jira, kamar yadda ya saba, sai na faɗa. Na juya na maimaita mashi, kalma bayan kalma, ina jin haushin kowace ɗaya.

Ya matso da gwiwa har bakin gadon. "Ba wannan ba, Inna," ya ce. "Ɗayan laifin, na ɓata faifan, za ki yafe mani. Dariya yake yi, wallahi dariya yake yi."

Ta ɗan matse hannuna, irin matsin da take yi in yaro na shirme a gaban baƙi. Ba ta ƙara magana ba. Kafin azahar muka rufe mata ido, Gajere ya fita neman masu haƙa kabari.